Barmo Mai Rariya da Ruwan Gulbi

Duk wanda ya yi zama a Sabon Gari ta Maraɗi ya san Barmo mai rariya, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Da hantsi yake fitowa, ya zura hannu cikin rariyoyi tun daga wuyan hannu har kafaɗa, yana bin lungu yana kira: "Rariya! A tankaɗe kafin a ci!" Gajere ne siriri, da ɗan gemu tsigil a haɓa. Ba shi da saurin fushi sai a kan abu guda, wato a ce masa ga wani abin da rariya ba ta iya tarewa.

Sana'ar gado ce. Ubansa ya yi ta a Tibiri da waya da katako, shi kuma ya shigo birni da ita tun yana saurayi. Da waya ta yi tsada sai ya koma sayen tsoffin gidajen sauro, ya wanke su, ya yanka, ya ɗame a bakin katako. Mata suka fi son irin tasa, don ba ta tsatsa. Aibin Barmo ɗaya ne, bai san inda sana'a ta tsaya ba. Kokon da zai sha sai ya sake tace shi. Yashin ƙofar gidansa ya sha tankaɗe har kajin maƙwabta suka daina zuwa tono, don babu abin samu. Ranar wani biki a dangin matarsa an kama shi bayan rumfa yana tankaɗe yajin da za a barbaɗa wa nama, wai ya ji tsakuwa a haƙori.

Matarsa Fasuma koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Mace ce mai haƙuri, sai dai bakinta bai gaji haƙurin ba. Ɗiyarsu guda, Mansura, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Haka suke zaune, ba yabo ba fallasa, har ranar da Barmo ya tsaya shan shayi a teburin Hamidu.

Rediyon Hamidu na kunne, wani mai bayani yana magana a kan leda da roba. Ya ce ba sa ruɓewa, sai dai rana ta gasa su, ruwa ya niƙa su, su yi ta farfashewa har su fi ƙwayar gari ƙanƙanta. Ya ce yanzu suna cikin gulabe da tafkuna da teku, kifi ya haɗiye, mutum ya ci kifi, har a gishiri an same su.

Barmo ya ajiye kofi.

"Hamidu, mi ya ce? Sun fi gari laushi?"

"Haka ya ce," in ji mai shayi.

"Kuma ba a tare su?"

"Ya ce ido ma ba ya ganinsu, balle rariyarka."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Barmo bai yi dariya ba. Ya tashi ya bar shayinsa rabi, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi gida kamar wanda aka zagi ubansa a kasuwa.

Randar gidan ya fara da ita. Ya tace ruwanta tas, ya ɗaga rariya saitin rana, ya duba. Babu komai. Da wani ne sai ya gode wa Allah ya sha ruwansa. Barmo ya ce ai wannan shi ne shaidar sun bi ta rami sun wuce. Ya ninka ragar biyu, bai ga komai ba. Ya ƙara ninkawa har ruwa ya koma ɗiga kamar hawayen maraya, nan ma babu komai. Duk yadda bai gani ba, haka tsoronsa yake ƙaruwa.

Kashegari ya fito ya tarar Fasuma tana ɗura koko mai tururi a farar leda. Ya kai hannu ya riƙe bakin ledar.

"Baban Mansura, cire mini hannu daga ledata."

"Koko mai zafi cikin leda, Fasuma! Roba kike ɗura ma bayin Allah."

"To da tafin hannu za su tarba?"

Ya ɗauko kujera ya zauna kusa da tukunyarta. Duk wanda ya zo saye sai ya yi masa bayanin kifi da gishiri da teku, alhali shi kansa bai taɓa ganin teku ba. Mutum ya zo da yunwa, ya koma da wa'azi. Kafin mako ya kewayo rabin masu sayen Fasuma sun tsallaka titi sun koma wurin wata mai koko da ba ta da miji mai rariya.

Ranar da kokon ya yi kwantai, Fasuma ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Kai da anka ce maka a gulbi suke, mi ya kawo ka tukunyata? Ga gulbi can, je ka tace shi, ka bar mini kokona!"

Maganar ɓacin rai ce. Amma Barmo ya dube ta, idonsa ya yi haske.

"Tun da munka yi aure," ya ce, "ba ki taɓa faɗin magana mai ma'ana irin wagga ba."

Ya bar yawon talla. Ya tattara gidajen sauron da ya tanada, ya ɗinke su wuri guda. Ya haɗa katakon tsohuwar ƙofa da itacen darbejiya, ya yi rariyar da faɗinta ya kai ɗaki. Ya ɗaɗɗaura mata bidon mai, wato jarkokin roba, waɗanda babu komai ciki a kewaye, don kada ta nutse. Da damina ta kankama, gulbi ya fara kawo ruwa, sai ya aika wa Idirisa, ƙanin Fasuma, wanda yake noman zogale da albasa a Jiratawa, ya zo da amalanke. Idirisa ya zo, ba don ya yarda da aikin ba, sai don ba ya so a ba shi labarin ƙarshensa.

"Yaya Barmo, mi ya sa sai Jiratawa?" ya tambaya suna tafe, mutane na darewa suna ba su hanya.

"Gara in tare ruwan tun bai shigo Maraɗi ba."

"Mu na Jiratawa hwa?"

"Ku ku matso ƙasa kaɗan ku ɗiba."

Suka kafa rariyar inda gulbi ya tsuke, suka ɗaure ta da igiya a reshen wata bishiya. A lokacin ruwan iyakarsa gwiwa. Tun ranar farko rariya ta yi kamu: baƙar leda da fara, ledar ruwan sha, butar roba, hular wani, mushen kaza, da silifa rututu, abin mamaki duk na ƙafar hagu. Barmo ya riƙa kwasa yana watsawa bakin gaɓa cikin jin haushi.

"Ba ku nike nema ba," yake ce musu. "Ƙananan nike nema."

Sai ya zagaya bayan rariya ya cika kwalba da ruwan da ya wuce, ya sake tacewa da ƙaramar rariyar da ba ta barin hannunsa, ya ɗaga ya duba. Manoma masu wucewa sukan tsaya su ce, "Malam Barmo, an samu?" Shi kuma ya ce, "Suna nan." Har abin ya zama gaisuwa a Jiratawa. Mutum ya ce wa ɗan'uwansa an samu, wancan ya ce suna nan, kowa ya wuce.

Gulbin Maraɗi ba ya shawara da sararin Maraɗi. Ruwa yakan zuba can wajen Katsina, nan rana na ƙwalla, sai kawai a ga ya iso. Haka ta faru wata safiya. Barmo na tsakiyar gulbi yana gyara raga, Idirisa ya jiyo ruri daga kudu kamar babbar mota ta taso.

"Yaya Barmo, fito! Ruwa ya taso!"

"Ai shi nike jira!"

Bai rufe baki ba ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da kara da itace. Ya bugi rariya ta kwanta, Barmo ya faɗa cikinta. Igiya ba ta tsinke ba, igiya ce mai kyau, reshen ne ya karye ya biyo su. Kafin Idirisa ya gama salati, mijin yayarsa ya sha kwana.

Barmo bai iya iyo ba, ko a kududdufi bai taɓa gwadawa ba. Ya zauna daram a tsakiyar rariya, ya tanƙwashe ƙafa, kwalba a hannun hagu, ƙaramar rariya a dama. Bidon da ya ɗaura suka riƙe shi, leda da robobin da ruwa ya kwaso suka yi ta cushewa a ƙarƙashi, rariya na ƙara tasowa sama har ta zama kamar gado. Ya karanta duk addu'ar da ya sani, da suka ƙare ya koma ta shiga kasuwa da ta sanya sabuwar riga. Hannunsa kuwa, don tsoro, bai daina aikin da ya saba ba: ya ɗibi ruwa, ya girgiza, ya zubar.

Da ya zo daidai Maraɗi labari ya riga shi isowa. Ƴan kabu-kabu masu babur suka bar fasinja a titi suka bi gaɓa a guje, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Barmo, ina zuwa?" wani ya ƙwala.

"Ban sani ba!"

"A gaida su!"

Aka jefa masa igiya, ba ta kai ba. Wani mai tausayi ya jefa masa ruwan leda, ko yana jin ƙishi, ita kam ta kai, ta faɗa masa a cinya. Barmo ya bi ta da harara.

Fasuma na suyar ƙosai wata mata ta miƙo mata waya.

"Uwar Mansura, wanga bai yi kama da maigidanki ba?"

Fasuma ta duba da kyau. "Hular dai na gane ta. Ku ce mishi ya riƙe ta, ta aro ce." Ta juya za ta kwashe ƙosai, sai ta fasa. Ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, ƙosai ya ƙone ƙurmus.

Sai da la'asar rariya ta maƙale a rassan wani mangwaro da ruwa ya kayar, bayan Tibiri. Abin da masu lambu suka hango ba mutum ba ne, tulin leda ne mai ido biyu yana motsi. Suka watse. Wata tsohuwa ce kawai ta tsaya, Tsahara, ita ma don ciwon gwiwa ya hana ta gudu. Tulin ya yi sallama. Tsohuwa ta kasa kunne.

"Wagga murya ta gidan masu rariya ce. Barmo, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Yau ta ruwa ka zo ganin gida?"

Ta kira mutane suka jawo shi, suka ɓare shi kamar albasa. Da ya huta, Tsahara ta tambayi abin da ke cikin kwalbar da ya ƙi saki. Ya ce ruwan gulbi ne da ya tace. Ta karɓa ta tsiyaya a tafi, ta shafa a gwiwa, ta ce albarkacin wanda ruwa ya ƙi ci. Kashegari aka gan ta a kasuwa da ƙafarta. Ko dama ranar gwiwar ta yi sauƙi, ko hankalinta ne ya kwanta, Allah masani. Ita dai duk wanda ta haɗu da shi sai ta ɗaga zane ta nuna masa gwiwa.

Barmo ya koma gida a bayan babur. Fasuma ta dama masa koko, ya sha bai tace ba. Ya yi niyyar komawa talla, amma da safe ya buɗe ƙofa ya ga layi. Masu ciwon baya, masu neman haihuwa, wani mai neman aiki, wani ɗan kasuwa da kayansa suka maƙale a kan iyaka. Kowa ruwan Barmo yake so.

"Jama'a, ba magani ba ne," ya ce. "Ruwa ne kawai. Roba nike cirewa, ita ma ban taɓa ganinta ba."

"Kun ji ko?" in ji wani dattijo a layi. "Yana cire abin da ba a gani. Masu abin gaske haka suke, ba su yabon kansu."

Duk musun da ya yi, layi sai ƙaruwa. Ya ce ba shi da ruwan gulbi, suka ce na famfo ma ya isa, in dai ya bi ta rariyarsa. Ya ce ba ya zuba wa kowa a leda, sai suka riƙa zuwa da ruwansu ƙulle a leda, ya tace musu a kwano, su fita waje su juye a sabuwar leda, su yar da tsohuwar a ƙofarsa. Lungun da ya fi kowane tsabta a Sabon Gari ya koma kamar juji. Fasuma kam ta ƙaro tukunya, don mai jiran layi ba ya rasa yunwa.

Ana cikin haka wata babbar mota ta tsaya a bakin lungu. Alhaji Maman Lawali ne, mai fataucin hatsi da atamfa tsakanin Maraɗi da ƙetaren iyaka. Ya zauna a tabarmar Barmo, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce yana da injin ƙulla ruwa. Abin da yake so kawai a rataya rariyar Barmo a bakin bututu, a buga hotonsa a jikin leda.

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai ledar nike yaƙi da ita."

"Shi ya sa, Malam Barmo. Wa ya fi ka sanin ta?"

Barmo ya ƙi. Alhaji bai yi fushi ba, ya sayi rariya guda kamar kowa, ya yi sallama. Ba a daɗe ba sabon ruwan leda ya cika gari, sunansa Mai Rariya. A jikinsa an zana wani gajeren mutum mai gemu tsigil, ya tanƙwashe ƙafa a kan igiyar ruwa. Ba a rubuta sunan kowa ba, amma ko makaho ya shafa ya san wa ake nufi.

A makon ne Mansura ta zo gida, ta tarar da ubanta yana ɗame sabuwar raga.

"Baba, ka san gidan sauron nan da mi anka yi shi?"

"Da zare."

"Zaren roba ne, Baba. In ya tsufa shi ma ɓarɓashi yake yi."

Barmo ya tsaya da guduma a sama. Ya dubi ragar, ya dubi rariyoyin da ke rataye a bango, ya tuna gidajen da suke tankaɗe garin tuwo da aikin hannunsa tun daga Sabon Gari har ƙauyuka. Ya ajiye guduma a hankali. Mansura ta so ta lallashe shi, ta ce laifin ba nasa ba ne, duniya ce duk ta koma haka. Ranar ya sallami layi, ya ce rariya ta tafi hutu, kuma ba ta dawo ba.

Ya yi kwanaki ba ya fita. Ranar da ya fito, a bakin kwata ya ci karo da fuskarsa a jikin leda, kwance cikin ruwan wanke-wanke. Gaba kaɗan wani ɗan kabu-kabu ya take ta da taya. Can kuma wata akuya ta kama shi ta gemu tana taunawa. Wannan ne Barmo ya kasa ɗauka. Ya yi kokawa da akuya ya ƙwace kansa, ya tsince na kwata, ya zuba a aljihu. Kashegari ya fito da buhu.

Da farko masu hotonsa kawai yake tsinta. To amma leda in ta kife ba a sanin ta wa ce sai an duƙa an juya, kuma wanda ya riga ya duƙa bai ga amfanin mayarwa ba. Haka ya koma tsince duk wata leda da ya gani, tun daga ƙofarsa har bakin tasha. Mutane suka ce Barmo ya zama mai kishin gari. Shi kuwa cewa yake, "Ni kaina nike kwashewa."

Buhuna suka cika zaure, suka shiga tsakar gida, har Fasuma ta rantse ko su ko ita. Allah ya kawo wasu samari masu narka leda da yashi suna buga duwatsun daɓe hanya. Suka zo da amalanke suka kwashe kaf, suka ce ya ci gaba da tarawa. Daɓen farko da suka yi da kayan Barmo, hanyar da ta tashi daga bakin lungunsu ta nufi masallacin unguwa aka shimfiɗa wa. Ta yi kyau, ba ta riƙe ruwa, tsofaffi suka yi ta sa albarka.

Barmo ne kaɗai ba ya bin ta. Ya ce mutum ba ya taka fuskarsa da ƙafarsa ya je gaban Ubangiji. Sai ya zagaya ta bayan gareji, ya ratsa wurin masu itace, ya ɓullo ta ƙofar gabas, kullum a sahun ƙarshe, wani lokaci ma an yi raka'a. Liman ya yi masa nasiha, ya nuna masa cewa zane ne kawai, kuma wuta ta riga ta cinye shi. Barmo ya saurara da ladabi, ya ce ya gode, kashegari ya sake bi ta bayan gareji.

Yanzu ya tsufa, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda duƙo. Fasuma takan tashe shi tun ladan bai gyara murya ba, ta miƙa masa buta ta ce, "Tashi ka kama hanya, kai tafiyarka da nisa." Ita kuwa in za ta kasuwa ta kan daɓen take bi, a tsakiya, tana taku da ƙarfi.